Gyaran Mai Caca: Bayani a kan Bonis na Injin Caca da Hukuncin Karɓarsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya buɗe wa bayinSa ƙofofin halal masu yawa, Ya rufe musu ƴan kaɗan don jin ƙai gare su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi na Matameye, da Kance, da Kurni, da Tsauni, da Ɗan Barto, da duk inda wannan karatu ya isa, tambaya guda ta maimaitu a cikin wannan wata mai alfarma, mafi yawa daga samari, wani lokaci kuma daga iyayensu. Saƙo ne yake shigowa a salula, ana ce wa mutum: zuba jikka 5, mu ƙara maka jikka 5 kyauta, ko kuwa a ce: ga juyi 50 na injin caca, ba ka biya ko dala ba. Wannan ƙari shi suke kira bonis. Masu tambaya suna cewa: tun da kyauta ce, yaushe ya dace a karɓa, yaushe ya dace a bari? Wasu sun ƙara da cewa ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karɓar kyauta, yana kuma kwaɗaitarwa a kan bayar da ita.

Amsa a taƙaice ita ce babu lokacin da ya halatta musulmi ya karɓi wannan abu. Sai dai hani da ba a bayyana dalilinsa ba, ba ya daɗewa a zuciya. Saboda haka za mu bi mas'alar daki-daki: asalin caca a shari'a, yadda injin yake aiki, lissafin da ke ƙarƙashin bonis, sannan tambayoyin da suka rataya da shi.

Asalin caca a shari'a

Kalmar da Alƙur'ani ya kira caca da ita ita ce maisir. Masu tafsiri sun ce an samo ta daga kalmar Larabci mai ma'anar sauƙi, domin mai caca yana neman dukiyar wani ba da wahala ba. Larabawan jahiliyya suna da tsari sananne a kanta. Mutum 10 sukan ɗauki raƙumi bashi, su soke shi, su raba naman kashi 28. Sai a kawo kibau 10 marasa tsini, a zuba a jakar fata. Bakwai daga cikinsu suna da rabo: Fazzu kashi 1, Tau'amu 2, Raƙibu 3, Hilsu 4, Nafisu 5, Musbilu 6, Mu'alla 7, jimilla 28. Sauran ukun, wato Manihu da Safihu da Wagdu, ba su da komi. Wani amintacce ya girgiza jakar, ya riƙa zaro kibiya da sunan kowane mutum. Mutum ukun da kibau marasa rabo suka fito musu, su ne za su biya kuɗin raƙumin dukansa, ba su tafi gida da ko tsoka ɗaya ba.

Ku lura da abu guda a nan, domin shi ne mabuɗin karatunmu. Waɗanda suka ci, galibi ba su kai naman gidajensu. Sukan raba wa matalauta, musamman lokacin sanyi da yunwa, suna alfahari da haka, har suna zagin wanda ya ƙi shiga da cewa marowaci ne. Ashe cacar farko ma da rigar kyauta ta zo. Duk da haka, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, Allah Ya bayyana cewa giya da caca suna da wani amfani ga mutane, amma zunubinsu ya rinjayi amfanin. Daga baya, a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, hani yankakke ya sauka. Aka jera caca tare da giya da gumaka da kiban duba, aka kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, aka yi umarni da nisantarsu. Aka kuma faɗi dalili: suna haddasa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, suna kange su daga ambaton Allah da salla. Idan naman da ya shiga cikin mayunwata bai wanke cacar Larabawa ba, ina ga ƴan lambobin da kamfani ya rubuta maka a fuskar salula?

Umarnin da ya zo na nisanta ne, kuma nisanta ta fi bari faɗi. Wanda aka ce ya nisanci rijiya, ba a yarje masa ya zauna a bakinta yana leƙe ba. Shi ya sa ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca da baki kawai, an umarce shi ya yi sadaka, ko da ba su buga ba. Magabata irin su Mujahid da Aɗa'u da Ibnu Sirina sun ce duk abin da aka sa kuɗi ko wani abu a kai bisa sa'a, maisir ne, har wasan yara da ƴaƴan itace. Alƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa Imamu Malik ya kasa maisir gida biyu: na wasa, kamar ɗiyan ludo na dā da ake kira nardu, da na kuɗi, wanda mutane ke sa dukiya a kai. Ma'aunin da malamai suka fitar shi ne: duk ma'amalar da mutum zai shiga da dukiyarsa, bai sani ba ko zai ci ko za a cinye shi, kuma sa'a ce kaɗai mai hukunci, to caca ce, ko da wane suna aka raɗa mata.

Yadda injin yake aiki

Injin caca ba baƙon abu ba ne a duniya. A ƙarshen ƙarni na 19 wani makaniki mai suna Charles Fey ya ƙera shi a birnin San Faransisko na Amurka: akwatin ƙarfe mai faifai uku, kowane faifai da zane-zane, a jefa kwabo, a ja hannu, faifan su juya su tsaya. In zane iri ɗaya ya jeru, injin ya zubo kuɗi. Daga nan ya cika gidajen caca na Las Vegas da Makawo, ya shigo mashaya da otel-otel na biranen Afirka, yau kuma ya shige cikin salula. A ƙasarmu an daɗe da sanin tikitin LONANI da cacar dawakin PMU, waɗanda ake sukuwarsu a Faransa ana zuba kuɗinsu a nan. Sannan ga kamfanonin cacar ƙwallo, irin su 1xBet, da Bet9ja a ƙetaren iyaka, kuma irin waɗannan shafuka sukan ajiye injin caca a gefe guda, mai jiran sakamakon wasa ya taɓa kafin a tashi. Abin da dā sai an yi tafiya zuwa birni, an shiga wurin da mai mutunci ke jin kunyar a gan shi, yanzu yana cikin aljihun yaro a sahun masallaci.

Mu da muka koyi lissafi wajen rabon gado, bari mu auna injin da irin wannan lissafi. A ɗauka kowane faifai yana da zane 20. Faifai uku ke nan: 20 sau 20 sau 20, ya ba da hanyoyi 8,000 da injin zai iya tsayawa. In babban zanen guda ɗaya ne a kowane faifai, to hanya ɗaya ce tak cikin 8,000 take kawo babban ci. In kowane juyi dala 20 ne, juyi 8,000 ya ci jikka 800. Mai injin ya riga ya zauna ya tsara cewa duk abin da injin zai biya a kan waɗannan hanyoyi, babba da ƙarami, ba zai kai jikka 800 ba. Sai ya sa shi, a misali, jikka 768, ragowar 32 tasa ce. Wato cikin kowace 100 da aka zuba, 4 sun zama nasa tun kafin a taɓa injin. Kamfanonin da kansu suna rubuta wannan adadi, kuma a mafi yawan injinan intanet rabon kamfani yana kaiwa 3 zuwa 6 cikin 100. Wasu injinan da ake girkewa a shaguna sun fi haka ci nesa.

Injinan yau kwamfuta ce ke juya su. Faifan da kake gani hoto ne. Lambar da za ta yanke hukunci an riga an zaɓe ta a daidai lokacin da ka danna. Injin ba ya tuna abin da ya wuce. Maganar da samari ke yi cewa ya daɗe bai biya ba, yanzu ya cika, ya kusa amai, ba ta da tushe: juyi na dubu daidai yake da juyi na farko. Tun shekarar 1984 aka yi wa wata dabara rajista a Amurka, wadda ke ba mai injin damar rage sa'ar fitowar babban zane ba tare da mai wasa ya gani a fuskar faifai ba. Da irinta ne ake samun zane biyu su jeru, na uku ya tsaya dab da layi, zuciya ta ce saura ƙiris. Babu ƙiris a lissafi. Wanda ya faɗi dab da layi da wanda ya faɗi nesa, asararsu ɗaya.

Lissafin da ke ƙarƙashin bonis

Wanda ya gane abin da ya gabata zai gane cewa kamfani ba ya tsoron mutum ya ci sau ɗaya. Abin da yake tsoro shi ne mutum ya tashi da wuri. Duk yadda juyi ya yawaita, rabon kamfani yana ƙara tabbata. To bonis igiya ce da aka saƙa don ta zaunar da kai.

Ga yadda take. Ka zuba jikka 10, an rubuta maka ƙarin jikka 10, kana ganin 20 a asusunka. Amma a cikin sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, da Faransanci ko Ingilishi, waɗanda kusan babu mai karantawa, an ce ba za ka fitar da ƙarin ba, ko abin da ka ci da shi, sai ka buga adadinsa sau kaza. Sau 30, sau 35, sau 40, duka sanannu ne a wannan harka. Mu ɗauki sau 35. Jikka 10 sau 35, jikka 350 ke nan da dole su bi ta cikin injin. Za ka ce ina na ga 350 alhali 20 gare ni? Ai ɗan abin da injin ya mayar maka, shi za ka sake mayar masa, ka sake, ka sake. In kana buga dala 100 a kowane juyi, sai ka danna sau 700. Rabon kamfani kuwa, 4 cikin 100 na jikka 350, jikka 14 ne. An ba ka 10, an tsara a karɓe 14. Wasu kamfanonin sukan ɗora sharaɗin a kan kuɗinka da ƙarin gaba ɗaya: 20 sau 35, jikka 700, rabonsu jikka 28, alhali duk abin da ke asusun 20 ne. Mafi yawan mutane asusunsu yakan ƙare tun ba su kai rabin hanya ba.

Bayan wannan akwai ƙananan ƙulli. Akan sa wa'adi, kwana 7 ko 30, in bai cika ba ƙarin ya ɓace da abin da aka ci da shi. Wannan shi ke hana mutum barci da tarawihi. Akan ƙayyade mafi yawan abin da za a iya fitarwa daga juyin kyauta, ko da injin ya nuna ka ci ninkinsa. Akan ce wasa kaza ba ya shiga lissafi. A wasu wuraren, da zarar ka karɓi ƙarin, kuɗinka na asali ma sun ɗaure tare da shi. Gaskiya ne akan sami wanda ya tsallake duk wannan ya fita da riba, kamar yadda kibiyar Mu'alla takan fito wa mutum ɗaya cikin goma. Hotonsa ake yaɗawa. Ɗaruruwan da suka biya kuɗin raƙumin ba a nuna su.

Ba malaman addini kaɗai suka ga wannan ba. A Birtaniya, inda caca take bisa doka, hukumar da ke kula da ita ta sanar a shekarar 2025 cewa za a hana kamfanoni sa sharaɗin da ya wuce sau 10 a kan bonis, saboda sharuɗɗan suna ruɗa mutane, suna sa su buga fiye da abin da suka yi niyya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, a sashe ɗaya da jarabar kayan maye. Allah Ya riga Ya haɗa su a aya guda tun ƙarni 14 da suka wuce.

Bambancin gyara da bonis

Bahaushe ya san gyara. Ka sayi rake a kasuwar Matameye, mai rake ya ƙara maka gaɓa biyu. Ka auni tiya 5 ta gero, mai awo ya ɗebo da hannu ya zuba maka. Wannan halal ne, alheri ne, yana ƙara ƙauna tsakanin mai saye da mai sayarwa. Dubi siffarsa: ciniki ya riga ya ƙullu a kan abu sananne da kuɗi sananne, kayan sun shiga hannunka, ƙarin ya zama mallakarka nan take, ka sha ko ka bayar, babu mai tambayarka. Kyauta a shari'a ita ce mallakar da abu ba tare da musaya ba.

Yanzu a ce mai rake ya ce maka: ga gaɓa biyu kyauta, amma ba za ka tafi da su ba sai ka zauna nan ka yi caca da ni sau 35 a kan kuɗin da ke aljihunka. Wane mai hankali zai kira wannan gyara? Abin da ba ka da ikon ɗauka ka tafi da shi, ba a mallaka maka shi ba. Wanda ya watsa tsaba a bakin tarko ba ciyar da kurciya ya nufa ba. Don haka bonis na caca ya faɗi ta fuska biyu: bai cika sharaɗin kyauta ba, kuma ba a amfani da shi sai ta hanyar aikata haram. Hujjar cewa Annabi yana karɓar kyauta ba ta da mazauni a nan.

Mas'aloli

Ta farko: wanda aka ba juyin kyauta bai zuba ko dala ba, ya halatta ya buga? Wasu samari sun ce tun da babu abin da zai rasa, ma'aunin caca bai hau kansa ba. Amsa: bai halatta ba. Kafin a ba ka, sai ka buɗe asusu a gidan caca, ka ba da lambarka, ka amince da sharuɗɗansu. Ka shiga inda aka ce ka nisanta. Abin da za a biya ka, in an biya, daga dukiyar da aka cinye wa wasu ne. Kuma sau da yawa ba za a bari ka fitar ba sai ka zuba naka. Mazhabarmu ta Malikiyya ta shahara da toshe kafar ɓarna: abin da galibi yake kai wa ga haram, ana hana shi tun daga ƙofa. Kamfanin da ya san lissafi fiye da kai bai raba juyin kyauta ba sai da ya tabbatar yawancin masu karɓa za su dawo da kuɗinsu.

Ta biyu: wanda aka riga aka cinye, sai aka aiko masa da tayin cewa za a mayar masa da wani kashi na asararsa in ya sake zubawa, ko ya karɓa don ya ceto kuɗinsa kawai? Wannan shi ne tayi mafi haɗari, domin ana aiko shi daidai lokacin da zuciya ke zafi. Lissafin bai sauya ba: kowace 100 da ka sake zubawa, an yanki rabo a cikinta. Garin neman gira ake rasa ido. Masu tafsiri sun kawo cewa a jahiliyya mutum yakan yi ta bin asararsa har ya sa iyalinsa a caca, ya koma yana kallon dukiyarsa a hannun wani, ƙiyayya ta cika shi. Abin da ya tafi, ka ɗauke shi tarar da ka biya, ka tsaya nan. In akwai ragowar kuɗinka a asusun da za su fita ba tare da ka buga ba, fitar da su yau, ka rufe.

Ta uku: bonis da kamfanonin waya irin su Airtel da Moov da Zamani suke ƙarawa in an sayi kati fa? Wannan halal ne. Ka biya kuɗi sananne, ka sami minti ko intanet sananne, an ƙara maka, gyara ne. Amma in aka ce aika saƙo mai tsada don ka shiga ƙuri'ar mota ko babur, ka biya ne don sa'a kawai, ya zama caca. Haka in ɗan kasuwa ya sa ƙuri'a ga masu sayen kayansa: malamai da yawa sun yarda da sharaɗi biyu, kada a ƙara kuɗin kaya saboda ƙuri'ar, kuma mai saye ya kasance yana bukatar kayan da gaske.

Ta huɗu: ƙuri'a ita kanta haram ce? A'a. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya, kuma Alƙur'ani ya ba da labarinta a ƙissar renon Nana Maryamu da ta Annabi Yunusa. Matan da ke adashi, in sun yi ƙuri'a don a san wadda za ta fara kwasa, babu laifi, domin kowace za ta karɓi daidai abin da ta zuba. Haka kyautar da wani mai hali ko hukuma ke sa wa a musabaƙar Alƙur'ani: wanda bai ci ba bai yi asarar komi ba. Amma ƴan kallo biyu su sa kuɗi a kan wanda zai yi kaye a filin kokawa, wannan maisir ne tsantsa.

Ta biyar: wanda ba ya bugawa, amma yana raba lambar gayyata ana ba shi kamasho a kan duk wanda ya shiga ta hannunsa, ko yana da shago yana zuba wa mutane kuɗi a asusun caca, ko ya ba da hayar ɗaki a girka inji. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi. Mai raba lambar gayyata ya sani cewa kamashonsa yana fitowa daga abin da aka cinye wa abokinsa ne. Mai shagon tura kuɗi kuwa sana'arsa halal ce. Abin da ya san na caca ne kawai zai ƙi.

Ta shida: ai hukuma ta ba su takarda. Takardar hukuma tana hana a kama mutum a duniya, ba ta sauya hukuncin Allah. Mashaya ma da takarda take buɗewa. Maƙwabtanmu na Kano, a shekarar 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara kotun ƙolin Najeriya ta yanke cewa tsara harkar caca hakkin jihohi ne. Sai dai ko an rufe shago, wanda ke cikin salula ba ya rufuwa sai mai salular ya rufe shi da hannunsa.

Ta bakwai: caca tana karya azumi? Ba ta cikin abubuwan da ke wajabta ramuwa, amma tana cinye lada. Ya tabbata a Bukhari cewa wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba Ya da bukatar ya bar ci da sha. Mutum ya wuni da ƙishirwa a zafin Damagaram, sannan ya buɗe baki da abin da ya ci a inji, wace riba ya samu?

Ta takwas: wanda ya tuba alhali akwai kuɗin caca a hannunsa, yaya zai yi? Ya ware abin da ya zuba na asali, wannan nasa ne. Abin da ya ƙaru, in daga wani mutum sananne ya ci, ya mayar masa. In daga kamfani ne, kada ya mayar musu su ƙara ƙarfi. Ya ba matalauta ko ya sa a aikin amfanin jama'a, da niyyar tsarkake hannunsa, ba da niyyar neman ladar sadaka ba, domin Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Kada ya yi zakkar fidda kai da su, kada ya yi guzurin hajji da su. Abin da ya riga ya ci kafin tuba, ya nemi gafara, ya yawaita alheri.

Nasiha ga iyaye da samari

Ya ku jama'a, kun fi kowa sanin yadda kuɗi ke shigowa wannan yanki. Daga lambun rake suke, da gyaɗa, da kabu-kabu, da ciranin Kano, da na Libiya da Aljeriya. Ba mu manta shekarar 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, mafi yawa daga wannan ƙasa tamu ta Kance, sun fita neman abin da za su ci. Dukiyar da ake sayowa da irin wannan tsada, ba ta cancanci a miƙa wa inji cikin dare ɗaya ba. Ranar ƙiyama za a tambayi bawa game da dukiyarsa tambaya biyu: ta ina ya samo, a ina ya kashe. Mai caca ya faɗi duka biyun.

Wanda ya riga ya shiga, kada ya yanke ƙauna, kuma kada ya dogara da ƙarfin zuciyarsa shi kaɗai. Ya nemi kamfanin ya rufe asusun, ya goge abin daga salularsa, ya toshe lambobin da ke aiko masa da tayi. In sun dame shi, ya sauya layi. Ya damƙa ajiyar kuɗinsa ga mahaifinsa ko yayansa ko matarsa na wani lokaci. Ya rabu da majalisar da ake hirar wanda ya ci jiya. Ya lissafa bashin da ke kansa, ya je wa masu shi da gaskiya, ya biya kaɗan-kaɗan daga halal. Ya sani cewa da zarar ya yi shiru kwana biyu, tayi mafi daɗi zai iso, domin kamfani ya lura ya ɓace. Ranar nan ce ranar jarrabawa.

Ku kuma iyaye, in kun ga yaro ya rage barci, yana yawan rance, kayan gida suna ɓacewa, fushinsa ya yi kusa, ku zaunar da shi da taushin murya kafin ku ɗaga sanda. Wanda aka tozarta a gaban jama'a ɓoyewa zai ƙara yi. Masu hali kuma su buɗe wa samari ƙofar jari da koyon sana'a, domin zaman banza shi ne babban dillalin gidan caca.

Ya Allah, Ka wadata mu da halal ɗinKa ga barin haram ɗinKa, Ka shirya mana zuriya, Ka yaye wa wanda wannan jaraba ta kama, Ka biya wa mai bashi bashinsa, Ka karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ka sa mu cikin ƴantattun wannan wata. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.